Kafin suga ya bayyana: Abin da insulin ke yi wa kitsen jinin namiji mai jin kansa garau

Kowace shekara idan ranar 14 ga Nuwamba ta zagayo, wato Ranar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, akan ga ƙungiyoyin likitoci da na sa-kai sun kafa rumfuna a harabar asibitoci da bakin kasuwanni suna yi wa jama'a gwaji kyauta. A soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan tsinke, na'ura ta nuna lamba. Magidanci ɗan shekara 45, ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwa, wanda bai ci komai ba tun daren jiya, sai ya ga lambarsa ta tsaya a 92. A yi masa albishir cewa ba shi da komai, ya gyara zaman hularsa ya koma harkokinsa da farin ciki.

Albishir ɗin gaskiya ne, amma gaskiya ce guntuwa. Na'urar ta faɗi yawan sukarin da ke cikin jininsa a wannan safiya. Ba ta faɗi irin wahalar da jikinsa ya sha kafin ya riƙe sukarin a wannan mataki ba. Maza biyu za su iya samun lamba iri ɗaya, alhali jikin ɗaya ya yi aikin da ɗan insulin kaɗan, na ɗayan kuwa sai da ya kwararo ninki biyu ko uku. A takarda dukansu lafiyayyu ne. A cikin jijiyoyin jini kuwa labarinsu ya sha bamban, kuma wurin da bambancin ke fara barin sawu shi ne kitsen da ke yawo a cikin jini.

Wannan batu ya daɗe a hannun masana, amma yanzu ne ya zama namu. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da cutar a yankin Afirka, kuma adadin zai kai miliyan 55 nan da 2045, sannan fiye da rabinsu ba su ma san suna da ita ba. A Najeriya, nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya kai ƙiyasin zuwa kusan kashi 6 cikin 100, kimanin mutum miliyan 11. Waɗannan alƙaluma na waɗanda suka riga suka tsallaka layi ne. Waɗanda ke kan hanya, masu sukari daidai da insulin mai yawa, babu wanda ke ƙirga su.

Umarni ɗaya, ayyuka da yawa

Yawancinmu mun san insulin a matsayin allurar masu suga. Asalinsa sinadari ne da jikin kowa ke haɗawa a wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Da zarar mutum ya ci abinci sukari ya hau, sai insulin ya fito da umarni guda: lokacin ajiya ya yi. Tsoka ta buɗe ƙofa ta karɓi sukari. Hanta ta daina zuba nata sukarin cikin jini. Rumbun kitse ya kulle ƙofar fita ya buɗe ta shiga. Idan yunwa ta dawo insulin ya sauka, sai a buɗe rumbun a ci daga ajiya.

Shi kuma kitse ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa galibinsa ruwa ne. Don haka jiki ya yi masa motocin dako, wasu ƙananan dunƙule da aka naɗe da furotin, waɗanda a ilimin likita ake kira lifofurotin. Su ne haruffan da mutum ke gani a takardar gwajin kitse. VLDL ita ce tirelar da ke tasowa daga hanta maƙare da maiƙo, wanda ake rubutawa TG a takarda. Tana tafe tana sauke kaya a tsoka da rumbun kitse, har ta ƙanƙance ta rikiɗe ta zama LDL, wadda yawancin kayanta kolestarol ne, kuma ita ce ke kutsawa cikin bangon jijiya ta maƙale. HDL kuwa ita ce mai bi tana kwashe rarar kolestarol tana mayarwa hanta. Tun a 1950 John Gofman na Jami'ar Kalifoniya ya rarrabe waɗannan dunƙule da wata na'ura mai juyawa da tsananin gudu, ya kuma nuna cewa ba ɗaya suke ba wajen haddasa ciwon zuciya.

Matsalar tana farawa ne lokacin da jiki ya fara taurin kunne ga umarnin insulin. Tsokar da ba ta aiki, da kitsen da ya cika ya batse, sai su daina amsawa da wuri. Fankiriyas ba ta da wata dabara illa ta ɗaga murya, wato ta ƙara yawan insulin. Muddin tana da ƙarfin yin haka, sukari zai zauna daram, na'urar bakin kasuwa kuma za ta ci gaba da yin albishir. Wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya hango wannan tun a 1936, amma babu sahihiyar hanyar auna insulin a jini sai da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro ta a birnin New York a wajen 1960. Abin da suka gani ya ba mutane mamaki: da yawa daga cikin waɗanda suga ya kama da girma insulin ɗinsu ba ƙasa yake ba, sama yake.

Tsawon wane lokaci ake ɗauka a wannan hali? Wani bincike a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya fiye da 6,500, galibinsu maza, wanda aka wallafa a 2009, ya waiwayi tarihin mutum 505 da suga ya kama. An tarar jikinsu ya riga ya rage jin insulin shekara 13 kafin a ce suna da cutar, alhali sukarin safiya bai yi tashin gwauron zabo ba sai a cikin shekara uku na ƙarshe. Gwajin ɗan yatsa, in an bar shi shi kaɗai, yana kama da ihu bayan hari.

Abin da aka gani a jikin 'yan sanda da leburori

Hujjojin farko sun fito ne daga maza masu lafiya da ke bakin aikinsu. A Helsinki ta ƙasar Finland an auna insulin na 'yan sanda kimanin 1,000 a farkon shekarun 1970, aka bi sawunsu fiye da shekara 20. A Paris an yi irin haka da ma'aikatan birni kimanin 7,000. A garin Busselton na Ostareliya ma an yi. Sakamakon da suka fitar a 1979 da 1980 ya tafi bai ɗaya: mazan da insulin ɗinsu ya fi yawa sun fi kamuwa da ciwon zuciya, duk da ba su da suga.

A 1989 wasu likitocin Italiya ƙarƙashin Ivana Zavaroni suka yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Daga cikin ma'aikatan wata masana'anta suka zaɓo mutum 32 masu yawan insulin amma sukarinsu daidai, suka jera su da wasu 32 masu shekaru da nauyi irin nasu waɗanda insulin ɗinsu bai hau ba. Rukunin farko ya fi yawan TG, ya fi ƙarancin HDL, ya fi hawan jini. Tun da nauyin jiki ɗaya ne, ba za a ce ƙiba ce kawai ta jawo ba. Shekara guda kafin nan, a 1988, Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya tattara waɗannan alamomi wuri guda a wata lacca da ta shahara, ya ce reshe ne na bishiya ɗaya, kuma saiwarta ita ce bijirewar jiki ga insulin.

Sai kuma binciken Quebec a Kanada, wanda ya bi maza 2,103 na tsawon shekara biyar. Rahotonsa na 1996 ya nuna cewa waɗanda ciwon zuciya ya kama, tun farko insulin ɗinsu na safiya ya ɗara na takwarorinsu da kashi 18 cikin 100. Masu binciken suka ƙara gano cewa haɗarin yana ninkuwa ƙwarai idan abu uku suka haɗu a jikin mutum guda: yawan insulin, yawan adadin dunƙulen da ke ɗauke da kitse, da ƙanƙancewar LDL.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kowane bincike ne ya ga haka ba. Da aka haɗa sakamakon nazarce-nazarce da dama a 1998, alaƙar insulin shi kaɗai da ciwon zuciya ta fito da rauni, kuma a Helsinki ma ƙarfinta ya yi ta raguwa da tafiyar shekaru. Abin da ya tsaya kyam, wanda aka yi ta gani a ƙasa bayan ƙasa, shi ne alaƙar insulin da fasalin kitsen jini: insulin sama, TG sama, HDL ƙasa.

Yadda lamarin ke faruwa a ciki

A nan ne labarin ya fi daɗin bi, domin kowane mataki yana da dalili.

Rumbun kitsen da ya daina jin insulin ba ya kulluwa sosai. Maiƙo ya dinga tsiyaya cikin jini dare da rana, ko mutum ya ƙoshi ko yana jin yunwa, kuma mafi yawansa hanta yake nufa. Ita kuwa hanta wani irin taurin kunne take yi na zaɓe. Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 1985 kan aikinsu a fannin kolestarol, sun bayyana shi a 2008: idan insulin ya ce mata ta daina haɗa sukari sai ta yi kunnen uwar shegu, idan ya ce ta haɗa kitse sai ta amsa da rawar jiki. Tun da insulin ɗin ya yi yawa, umarnin haɗa kitsen ma ƙaruwa yake yi. Ga maiƙo na shigowa daga waje, ga wanda take haɗawa da kanta. Abin da ya fi ƙarfinta ya taru a cikinta ta yi kitse, sauran ta loda wa manyan tireloli na VLDL ta tura cikin jini.

A bakin tsoka da rumbun kitse akwai wani sinadari da aikinsa shi ne sauke wa waɗannan tireloli kaya, kamar 'yan dako a bakin sito. A rumbun kitse insulin ne ke zaburar da shi. Idan jiki ya bijire, sauke kaya ya yi jinkiri, tireloli su yi cunkoso. Wannan cunkoson shi ne hawan TG da ake gani a takarda, kuma ya fi tsanani a sa'o'in bayan cin abinci, lokacin da ba kasafai ake yin gwaji ba.

Daga nan sai wani dillali ya shigo, furotin da ake taƙaita sunansa da CETP. Sana'arsa ba ni gishiri in ba ka manda: ya ɗebi maiƙo daga VLDL ya zuba wa HDL da LDL, ya karɓi kolestarol ɗinsu ya mayar wa VLDL. Idan HDL da LDL da suka sha maiƙo suka ratsa ta hanta, wani sinadari ya tatse maiƙon, sai su fito a ƙanƙance. HDL da ta ƙanƙance ba ta daɗewa, ƙoda ke tace furotin ɗinta ta fitar, shi ya sa lambarta ke sauka. LDL da ta ƙanƙance kuwa daɗewa take yi a jini, ta fi sauƙin kutsawa bangon jijiya, ta fi saurin lalacewa a can.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne cewa gwajin da aka saba yi yana auna nauyin kolestarol da ke cikin LDL ne, ba adadin dunƙulen ba. Buhu ɗari na hatsi za a iya ɗora su a mota biyar, za a iya rarraba su a babura hamsin. Nauyin kaya ɗaya ne, amma cunkoso da yawan haɗari a kan titi ba ɗaya ba ne. Namiji mai yawan insulin zai iya karɓar takarda da ke nuna LDL ɗinsa daidai, alhali baburan sun cika hanya.

Me ya sa maza?

Wani ɓangare na amsar tarihi ne: a wancan zamani maza ne ke cike da barikin 'yan sanda da masana'antu, su aka fi samu a auna, kuma an daɗe ana yi wa mata rashin adalci a binciken ciwon zuciya. Ɗaya ɓangaren kuwa halitta ce. Yara maza da mata suna tashi da HDL kusan ɗaya, amma da namiji ya balaga tasa sai ta sauka ta zauna a ƙasa. Shi ya sa iyakar da likitoci suka sa ta bambanta: ƙasa da 40 ga namiji, ƙasa da 50 ga mace, a ma'aunin miligiram cikin kowace desilita.

Sannan akwai wurin ajiya. Wani likitan Faransa a birnin Marseille, Jean Vague, ya lura tun a 1947 cewa ƙibar da ke taruwa a ciki, irin ta maza, ta fi tafiya da suga da ciwon zuciya a kan wadda ke taruwa a cinya da ɗuwawu. Kitsen da ke kewaye da hanji yana zubar da maiƙonsa kai-tsaye cikin jijiyar da ke shiga hanta, ba tare da ya zaga ko'ina ba. A al'adarmu teɓa alamar hutu ce da buɗi, har akan yi wa mutum barka idan ta fara turo riga, babbar riga kuma ta rufa mata asiri. Mutum zai iya zama siririn hannu da ƙafa, nauyinsa a sikeli daidai, amma cikinsa na yi wa hantarsa ambaliya.

Ma'aunin da aka yanka a jikin wasu

Galibin binciken da aka ambata a sama a kan Turawa aka yi shi, kuma a nan ne lamarin ya shafe mu ta wata fuska da ba kasafai ake faɗa ba. Bisa abin da aka gani a jikinsu aka tsayar da cewa TG da ya kai 150 alama ce ta gargaɗi, kuma idan aka raba TG da HDL aka samu 3 ko fiye, akwai yiwuwar jiki ya bijire wa insulin. Dabara ce mai arha da ta yi aiki a can.

Amma Dokta Anne Sumner ta Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka ta nuna a 2005 cewa wannan ma'auni ba ya kama baƙaƙen fata yadda ya kamata. Baƙin mutum zai iya kasancewa da insulin mai yawa da jiki mai taurin kunne, amma TG ɗinsa na zaune ƙasa da 150. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano shi ne 'yan dakon nan masu sauke kaya sun fi kuzari a jikin 'yan asalin Afirka, kuma bijirewar ba ta kashe musu gwiwa sosai. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa a tsakanin baƙaƙen maza lissafin yana ɗan amfani idan aka sauko da iyakar zuwa 2.5, a tsakanin mata kuwa bai yi aiki ba. Tun kafin nan Farfesa Kwame Osei, ɗan asalin Ghana da ke aiki a jihar Ohio, ya nuna cewa lafiyayyun baƙaƙen fata, har da waɗanda suka yi ƙaura daga Ghana, sun fi Turawa yawan insulin a jini, kuma hantarsu ba ta saurin kwashe shi.

Ma'anar wannan ga ɗan Kano ko Maraɗi a fili take. Takardar da ta nuna TG 120 ba shaidar wankewa ba ce. Nazarce-nazarcen da aka yi a Najeriya sun sha nuna cewa matsalar kitsen jini da ta fi yawa a cikinmu ita ce ƙarancin HDL, ba hawan TG ba. Ita ma sai an karanta ta da hankali, domin cututtuka masu kumburi, shan taba, da abinci mai yawan sitaci da ƙarancin mai duk suna iya sauke ta.

Haka abin yake ga awon ƙugu. Iyakar santimita 94, wato inci 37, da ake amfani da ita ga mazan Afirka aro ce daga Turai. Wani nazari da ya haɗa bayanan mutum fiye da 24,000 daga ƙasashen Afirka takwas, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa ga maza haɗarin yana fara bayyana ne tun a wajen santimita 81, wato inci 32. Tazarar inci biyar ba ƙarama ba ce, kuma a cikinta dubban magidanta ke zaune ana ce musu babu komai.

Cewa halittarmu ta bambanta ba ya nufin an ƙaddara mana cutar. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa sun auna Fulani makiyaya a tsaunukan Jos, mutanen da ke shan nono da man shanu kullum, suka tarar da kitsen jininsu lafiya lau, jikinsu babu ƙiba, ga tafiyar ƙafa ta yini guda. A jihar Sakkwato, Dokta Anas Sabir da abokansa sun tarar da suga a jikin ƙasa da mutum ɗaya cikin 100 na Fulanin karkara, amma kusan biyar cikin 100 na Fulanin birni. Binciken da ya kwatanta 'yan Ghana na ƙauye da na birni da na Turai ya ga suga a tsakanin maza ya tashi daga ƙasa da kashi 4 a ƙauye zuwa kashi 15 a Berlin. Jini ɗaya ne, zama ne ya canja. Wanda kakansa ke tafiya gona da ƙafa ya ci tuwon dawa da ba a tankaɗe ta tas ba, yau yana hawa babur zuwa masallacin da ke bayan layi, ya karya da shayi mai cokali huɗu na sukari da rabin biredi, ya kora farar shinkafar rana da lemon kwalba.

Gargaɗi guda biyu

Akwai haɗarin a karanta wannan bayani a juye. Tuni dama akwai masu suga da ke gudun allurar insulin, suna ganin ita ce matakin ƙarshe kafin kabari. Yawan insulin da ake magana a kai alama ce ta jikin da ya bijire, kamar yadda ɗaga murya alama ce ta cewa wanda ake yi wa magana ba ya ji. Ga wanda fankiriyas ɗinsa ta gaza, allurar ceto ce, kuma takan sauke TG ne ma. Wani babban gwaji da ya ƙunshi mutum fiye da 12,500, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2012, ya nuna cewa allurar insulin ta tsawon shekara shida ba ta ƙara bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Duk wanda likita ya ɗora a kanta kada ya bari saboda wani rubutu a jarida ko wani bidiyo a WhatsApp.

Na biyu, gyara lamba ba gyara jiki ba ne. Kamfanonin magunguna sun kashe maƙudan kuɗi wajen neman ƙwayar da za ta ɗaga HDL. Ta kamfanin Pfizer ta ɗaga ta ƙwarai, amma aka dakatar da gwajinta a ƙarshen 2006 saboda mace-mace sun ƙaru. A 2022 wani maganin ya sauke TG da kimanin kashi 26 cikin 100 a jikin masu suga, amma bugun zuciya bai ragu ba. An bar jaki ana dukan taiki. Maganin da ya tabbata yana rage mutuwa shi ne mai sauke LDL da adadin dunƙulenta, irin su sitatin, ga wanda likita ya ga haɗarinsa ya kai. Abin da kuma ke taɓa saiwar ita kanta bijirewar shi ne motsa jiki da rage kitsen ciki. A gwajin da aka yi a Amurka da mutum fiye da 3,200 da ke dab da kamuwa, tafiyar minti 150 a mako tare da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyi sun rage kamuwa da suga da kashi 58, maganin metformin kuma da kashi 31. Tasirin motsa jiki a kan insulin da TG yakan gushe cikin kwana biyu zuwa uku, don haka ƙwallon ranar Asabar kaɗai ba ta wadatar ba.

Shin sai kowa ya je a auna masa insulin? A ganina a'a. Gwajin yana da tsada, ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, kuma har yau sakamakon wannan na'ura ba ya daidaita da na waccan, shi ya sa manyan ƙungiyoyin likitoci ba su sa shi cikin gwajin yau da kullum ba. Akwai abin da ya fi sauƙi. Wanda ke da takardar gwajin kitse ya cire HDL daga jimillar kolestarol. Abin da ya rage ya fi LDL kaɗai nuna yawan kayan da ke iya maƙalewa a jijiya, kuma ana so ya kasance ƙasa da 130. Wanda ba shi da takarda ya samo zare ya auna tsayinsa, ya ninka zaren biyu, ya zagaya shi a cikinsa daidai cibiya, ba a inda wando ke tsayawa ba. Idan bai zagaye ba, ƙugunsa ya wuce rabin tsayinsa, kuma hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Birtaniya ta amince da wannan ma'auni tun a 2022.

Inda gwamnati ta tsaya

Sukarin da ake sha a ruwa yana da matsayi na musamman a wannan lamari, domin rabin sukarin da muke zubawa a shayi da zoɓo nau'i ne da hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, kuma idan ya yi yawa kitse take mayar da shi. A wani gwaji na Jami'ar Kalifoniya a 2009, masu ƙiba da aka shayar da abin sha mai irin wannan sukari na mako 10 sun ƙara kitsen ciki, ƙananan LDL ɗinsu suka ƙaru, jikinsu ya ƙara bijire wa insulin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma kwalbar lemo guda mai rabin lita takan cinye kusan duk wannan kaso.

Najeriya ta ɗauki matakai biyu da suka dace da hanya. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Hukumar NAFDAC kuma ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita gurɓataccen mai na masana'anta, wanda ke ɗaga LDL ya sauke HDL, zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Sai dai harajin Naira 10 tsayayye ne, bai motsa da farashi ba, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Naira biyar a kan kwalba ba ta hana kowa sha, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 kafin a ga sauyi. Masu masana'antu suna kukan cewa ƙari zai rufe ayyuka a lokacin da jama'a ke cikin matsi, kuma kukan ba na banza ba ne. Amma wanda ke biyan kuɗin wankin ƙoda ko jinyar shanyewar ɓarin jiki daga aljihunsa shi ma a cikin matsin yake, kuma sau da yawa shi ne mai ciyar da gida.

Alamomin wannan matsala, waɗanda daga baya aka mayar da su ma'auni, guda biyar ne: ƙugu, hawan jini daga 130 bisa 85, sukarin safiya daga 100, TG, da HDL. Uku na farko ƙaramin asibitin unguwa zai iya auna su da tef ɗin tela, na'urar hawan jini da tsinken suga, in an horar da ma'aikacin ya daina sallamar mutum da lamba ɗaya. Biyun ƙarshe sai ɗakin gwaji, kuma mafi yawan 'yan ƙasa daga aljihu suke biya, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Kuɗin harajin lemon kuwa, wanda da zai iya ɗaukar nauyin irin wannan gwaji ga magidanta daga shekara 40, dokar da ta kafa shi ba ta keɓe shi ga fannin lafiya ba, asusun gwamnati na bai-ɗaya yake shiga.